Kaskon Gishirin Kaka Berta

Da sunan Allah mai rai, wanda ba ya mutuwa. Ni Ortlieb ɗan Rutger, mai hasumiyar gabas ta gidan Kranfels, nake rubuta wannan da hannuna, ranar Talata bayan an gama girbi, shekara ta dubu ɗaya da ɗari huɗu da arba'in da ɗaya. Hankalina garau yake. Na san mahaifiyarku za ta ce bai taɓa zama garau ba tun ranar da ta aure ni, amma limamin cocinmu, Fada Reinbold, yana zaune a gefen gado, shi ne shaida. Cinyar da aladen daji ya farke min ta ƙi warkewa, ta yi baƙi har kwankwaso, mai magani kuma ya daina kallon idona. Shekarata talatin da uku. Ku yi haƙuri da rubutun, karatuna bai wuce littafin addu'a ba, shi ma rabinsa a guje na yi shi.

Wiprecht, Hadewig, Kuno, da ku nake.

Na farko. Hasumiyar gabas da gonakin bakin kogi da takobina na Wiprecht ne, mahaifiyarku ta riƙe masa har ya cika sha takwas. Kuno ya ɗauki dokina Toka da ƙahon farauta, amma kada a ba shi ƙahon sai ya girma, in ba haka ba babu mai sake yin barci a gidan nan. Gonar inabin da ke kudu ta Hadewig ce ita kaɗai. In miji ya zo, to. In bai zo ba, tana da nata. Za ku gane dalili nan gaba.

Na biyu. Ku san asalinku, don ni sai da na yi ɓarna na san nawa. Kakan kakanninmu Kuno Mai Jan Gemu ne ya fara ɗora dutse a kan tudun nan. Daga shi gida ya taho hannu ɗaya har zuwa kan 'yan'uwa biyu, Gozwin da Hartmut, waɗanda suka raba shi. Gozwin ya ɗauki hasumiyar yamma, shi ne kakan Baffanku Sigebot da Gwaggonku Mechthild. Hartmut ya ɗauki ta gabas, shi ne kakana. Tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya, coci ɗaya. Annoba ta kwashe iyayenmu maza muna goye, gobara ta cinye takardun gida a shekarar da ta biyo. Muka tashi a hannun iyaye mata da aka auro daga nesa, ba wanda ya san labarin matan kakannin nan biyu. Abin da ya rage kawai garkuwoyinsu na katako, waɗanda aka rataye a kan kaburbura a ƙarƙashin coci, kowace mace da tambarin gidan ubanta, a gefen mijinta. Tun annoba ba a sake buɗe wurin ba.

Na uku, shi ne dalilin takardar nan. Fada Reinbold ya ji shi jiya.

Ina da shekara sha biyar na gudu daga karatu, na zura jiki ta tagar iska na faɗa ƙarƙashin cocin. Da idona ya saba da duhu, na ga a gefen Gozwin garkuwa mai farin shaho, tambarin babban gida. A gefen kakana Hartmut kuwa, garkuwa mai kaskon dafa gishiri. 'Yar masu gishiri ya aura. Sigebot a lokacin tafiya yake kamar an saka masa mashi a riga, kullum jini kaza, asali kaza. Sai na hau kan kabari na sauya garkuwoyin. Na kira shi na nuna masa, na ce, "Ranka ya daɗe jikan gishiri, nawa kake sayar da mudu?" Ya fasa min baki, na yi dariya har na zauna. Niyyata in bar shi kwana biyu yana huci, in mayar.

Kwana na uku mai tantance asali ya iso. Za a kai Mechthild gidan ibada na Marienhag, inda 'yan matan manyan gidaje ke zama cikin daraja, kuma ba a karɓar yarinya sai an tabbatar kakanninta huɗu duk masu asali ne. Ya sauka ƙasa da fitila, ya zana abin da ya gani, ya buga hatimi. Ina tsaye a bayansa. Ina iya cewa, malam dakata, wasa ne. Amma na fahimci in na mayar da kaskon, kaina zai dawo. Na yi shiru.

An mayar da Mechthild daga bakin ƙofar Marienhag da akwatinta ba a ko kwance igiyar ba. Shekararta sha huɗu. Yau shekara goma sha takwas tana saƙa a tagar hasumiyar yamma, babu wanda ya zo neman aurenta. Bayan shekara biyar Sigebot ya je gasar mahaya ta masu mashi, alƙalai suka duba littafi, suka sauke shi daga doki, suka ɗora shi da sirdinsa a kan shingen fili kamar yadda ake wa wanda asalinsa bai cika ba, jama'a na ihu da sunan da ni na raɗa masa. Ni kuwa aka buɗe min hanya na shiga da shaho a takardata. Na yi dariya ranar, don kada a ga ban yi ba. Ya ganni. Da ya dawo gida ya gina katangar nan da ta raba tsakar gida, rijiya ta faɗo ɓangarenmu, mutanensa suka koma ɗebo ruwa daga gangare, ko da dusar ƙanƙara.

Na yi barkwanci da yawa a rayuwata. Na saka kwaɗi a hular bishop, na ɗinke hannun rigar surukina ranar aurena. Duk an yi dariya an wuce. Wannan ne kaɗai na kasa kaiwa ƙarshe. Sau da yawa na sauka har bakin ƙofar ƙasan cocin, in tuna ku, in juyo. Ina ce wa kaina saboda ku ne. Yanzu da nake kwance na gane rabi ku ne, rabi tsoron idon Sigebot.

Na huɗu. Kafin a saukar da ni kabari, Wiprecht, kai da kanka za ka je ƙofar yamma ka ƙwanƙwasa, ba aike ba. Ka ce da shi Baffa, ko da ya sakar maka karnuka. Ka kai masa takardar nan. A buɗe ƙasan coci da rana tsaka, a gabansa da Gwaggonku da Fada Reinbold da mahaya biyu daga gidajen maƙwabta. Ku ɗaga garkuwoyin ku dubi bango. Ta shaho ta fi faɗi, shatinta na nan fari a gefen Gozwin, kasko bai rufe shi ba. Ka mayar da kowace wurinta da hannunka. A rubuta, a buga hatimi, a aika Marienhag da wurin alƙalan gasa.

Na san abin da nake ɗora muku. Yanzu kakanni takwas suke nema, ba huɗu ba, don haka kaskon ya kai kanku. Hadewig, gurbin da aka yi miki alkawari a Marienhag da kaka mai zuwa ya tafi. Na ga kin gama ɗinka mayafin, kina ɓoye shi in na shigo don kada in tsokane ki. Yana da kyau, 'yata. Ki yafe min. Wiprecht, mai yiwuwa iyayen yarinyar da aka yi maka baiko da ita su maido da zobe, kuma ba za ka taɓa ɗaga mashi a filin gasa ba. Da na faɗi gaskiya ina sha biyar, da ni kaɗai zan sha duka. Na ajiye, ta yi girma, na bar muku.

Na biyar. A rushe katangar. In Baffanku ya ƙi, a huda ƙofa daidai rijiya, a cire mata sakata. Ruwan na gida biyu ne tun daga Kuno Mai Jan Gemu.

Na shida. Kada ku nemi Gwaggonku Mechthild ta yafe min. Ba ku da ikon roƙonta wannan, ni ma ba ni da shi. Zoben mahaifiyata a kai mata. In ta jefa shi rijiya, ku bar shi a can.

Na bakwai. Matar kakana Hartmut, mai kaskon, sunanta Berta. Bara na sauka garin masu gishiri da ke ƙasan kogi, na ce doki nake nema, na samu jikokin yayanta. Sun ba ni burodi da kifi, wata tsohuwa ta daɗe tana kallona ta ce, "Kai yaro, waɗannan kunnuwan namu ne." Wiprecht, kunnuwan da nake ce maka ka naɗe su kafin ka saka hular ƙarfe, daga can ka gado su. Sun ce da gishirin ubanta aka sake rufin hasumiyar da kuke kwana a cikinta. Ku riƙa sauka kuna gaishe su. A binne ni a gefenta, ƙarƙashin kaskon.

Irmgard, matata, kin aure ni a kan takardar ƙarya ba ki sani ba. Ban da bakin magana. Ki tsaya bayan yaron nan ranar da zai ƙwanƙwasa ƙofar.

Allah ya raya ku, ya sa muku albarka, ya ba ku zuciyar da ta fi tawa. Ku riƙe juna ku uku, ku riƙe mutanen yamma, gida ɗaya ne. Baffanku ya ɗauki sunan da ni ya kamata a kira da shi shekara goma sha takwas. In ya fito tsakar gida ya kira ku jikokin gishiri, ku amsa.