Tsagar da Na Shafe

Bunkure,
3 ga Fabrairu, 1986.

Zuwa ga mai ɗakina Kubra,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da jaririyarmu Sa'adiya. Yaya jego? Yaya su Inna da mutanen Madobi?

Ni dai lafiya, sai gajiya. Ƙungiyar manoma ta ba ni gyaran jirgin fitonsu, wannan na ganguna takwas da aka shimfiɗa wa katako, mai haye kogi da kwandunan tumatir. Baƙi za su zo daga Kano, ana so ya yi kyau. Shugaba ya ce in aikin ya burge shi, duk fentin ƙungiya nawa ne, kin ga bana ba zuwa ci-rani Ikko ke nan.

Kubra, na sha wuya! Kwana huɗu ina guga, duk yatsuna sun ɗaye. Ƙahon shanu ya lotsa nan, tsatsa ta ci can. Har da wata doguwar tsaga a jikin gangunan gefe, na cike ta sumul, na bi da koren fenti. Baba Dattijo mai fito yana gida da zazzaɓi, bai gani ba tukuna.

Naki,
Hambali.

11 ga Fabrairu.

Kubra,

Bayan gaisuwa, ina fatan wankan bai wahalar da ke ba. Ni kam zuciyata ba daɗi.

Ranar Asabar jirgin ya karkace a tsakiyar ruwa, kwando ashirin suka bi kogi. Alhamdu lillahi ba a rasa rai ba. Ana ta zagin Baba Dattijo, wai tsufa ya sa bai san lodi ba, Juma'a za a karɓe fiton a ba wani. Shekararsa goma sha ɗaya a kai, da shi yake ci da marayun ɗansa.

Jiya na same shi a bakin ruwa yana shafa gangunan da hannu. Ashe idonsa ya daɗe da rauni. Tsagar nan da na cike, shi ya yi ta da gangan: in ana lodi sai ya zura hannu, da ruwa ya taɓa ta ya ce ya isa. Ran nan ya laluba bai ji komai ba, masu tumatir kuwa suna ta azalzalarsa. Ya gane ni na shafe ta, amma bai faɗa wa kowa ba. Da na tambaye shi dalili, cewa ya yi ina da ɗanyen goyo, in yi shiru abina.

Wallahi ni na jawo masa wannan.

Naki,
Hambali.

15 ga Fabrairu.

Kubra,

Ina gaishe ki da kyau, a shafa mini kan yarinya.

Na faɗa wa 'yan ƙungiya ni na shafe tsagar, a gaban kowa, bayan an sauko daga masallaci. Shugaba ya ce ashe kyan ɗan maciji na yi musu, kada in ƙara taɓa ko baron ƙungiya. An bar wa Baba fitonsa.

Yau da hantsi ya ɗora yatsansa inda tsagar take, ni kuma na bi da guduma da kurfi ina farke fentin da na kwana huɗu a kansa. Da ya shafa ya ji ta, sai ya ce yanzu jirgin ya yi kyau.

Ki yi haƙuri, Kubra. Motar Ikko Laraba take tashi, ba zan ga arba'in ɗinku ba. Zan biyo ta Madobi Talata in ɗauki Sa'adiya ko sau ɗaya.

Allah Ya sada mu da alheri.

Mijinki,
Hambali.