Muryar Baba a Bakin Mugun Tsoho

Tandabawi, Makka
4 ga Maris, 2016

Yaya Mukhtaru,

Assalamu alaikum. Ya Kano, ya iyali? Mu nan lafiya, in ban da ƙirjin Baba.

Sana'arka ta iso mu. Wani ya turo wa mijina a jawwal, wayarsa ta hannu, fim ɗin 'yan Koriya da ka fassara, inda ƙatti masu kitso suke tashi sama da takobi kamar shirwa. A ce ɗan da aka haifa kusa da Harami wannan ne abincinsa! Na haƙura da wannan. Amma mugun tsohon nan na kan dutse, mai shan jinin ɗalibansa, muryar wa ka sa masa? Har "kai, yallah, ɓace min" ɗin Baba ka saka, har da tarinsa. Yanzu in Baba ya fito masallaci, samarin baƙala, kantin unguwarmu, sai su yi ta tari suna dariya. Bai san dalili ba tukuna. Ka ji kunya, Yaya.

Ƙanwarka,
Baraka

Fagge, Kano
19 ga Maris

Baraka,

Wa alaikumus salam. Na ga wa'azinki, Malama.

Kin kalli fim ɗin har ƙarshe kenan, tunda kin san tsohon yana shan jini. Mutumin da ya watso min kaya a titi don ya kama ni ina kwaikwayon muryoyi, ya ce maroƙi ya haifa, ai ban yi masa ƙarya ba. Da na ga tsohon a allo yana korar ɗalibinsa cikin ƙanƙara, muryar da kanta ta fito. Samarin Tandabawi kuwa, da Hausarsu rabi Larabci, wa ya damu da dariyarsu? Ki gaida mijinki, mai rabon fim a ɓoye.

Mukhtaru

Tandabawi
2 ga Afrilu

Yaya,

Salam. Maƙwabcinmu Dauda ya nuna wa Baba fim ɗin. Na zaci zai fasa jawwal ɗin. Sai ya sa tabarau ya zauna, yana tsaki tun daga farko. Ya ce faɗan banza ne, ko ɗan dambe na ƙauye zai kayar da su duka. Da aka zo inda ɗalibin ya soke tsohon, ya tsaya yana kuka a kan gawar, Baba ya ce a mayar. Aka mayar, ya ce a sake. Ya tambaye ni, "Kukan ma shi ya yi?" Na ce eh, Yaya Mukhtaru ne. Bai ci abinci ba ranar. Jiya aka kwantar da shi asibiti.

Baraka

Makka
6 ga Afrilu

Mukhtaru,

Baraka ke rubutawa, ni ke faɗa. Fim ɗinka shirme ne. Ka nemi bizar Umra, kar ka tsaya jiran azumi.

Ubanka,
Idris