Belun Jaririn Hajara

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Yaya Legas, yaya jikin Rabi? Mu nan Randagi sai godiyar Allah.

Jaririn ƙanwarmu Hajara ya rasu. Ranar suna wanzami ya cire masa belu, kamar yadda aka yi mana. Ba mu ga jini a waje ba, ashe haɗiye shi yake yi. Inna ta ce barci yake. Sai da jikinsa ya saki, numfashinsa ya canja, muka hau babur zuwa asibitin Birnin Gwari. A cikin daji ya cika, a hannuna.

Idan Rabi ta sauka lafiya, don Allah kada ka bari a taɓa maƙogwaron jaririn. Ka gaida yara, ka sa Hajara a addu'a. Sunanka aka raɗa masa.

Ƙanwarka,
Maimuna