Ka Koma Jigo

Tukur,

Na bi motar rake zuwa Zariya. Ban tashe ka ba, barcinka ya fi mana aikinka amfani.

Bayan sallar asuba na yi ta jan igiyar injin ban ruwa, fetur kawai yake tofarwa. Na kwance kafireton da ka ce ka gyara jiya. Ɗan ramin da mai ke bi, wanda hura shi ake yi da baki, ka zura masa allurar ɗinkin matata ka yi ta sakace har ya buɗe. Ya tashi aiki, sai sabo. Ilimin shekara biyu a garejin Kaduna ke nan?

Ina cikin haka mahaifin Lantana ya iso, ya zo ganin makaniken da zai ba 'yarsa. Ya ce, "Maiwada, wannan aikin wa ye?" Na gaya masa, na kuma miƙa masa ya leƙa ramin da idonsa. Ya leƙa, ya hau kekensa ya koma Makarfi. Kada ka jira aikensa.

Kwana uku raken fadama bai sha ruwa ba. Na kafa tsohon jigon Baba a bakin rafi. Ka shayar da raken kaf da shi kafin in dawo jibi, kuma kada ka taɓa min akwatin sufana.

Jigo dai itace ne da igiya da ƙwarya. Na duba shi ciki da bai, babu ramin da za ka zura wa allura.

Yayanka,
Maiwada