Sanarwar da Osman Ya Aiko

Nima, Accra

Yaya Osman,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya sanyin Turai? Muna ganinka a talabijin cikin kwat, Mama Fatu ta ce ka yi kumatu.

Baba ba lafiya. Asibiti sun ce a kawo shi gida ya huta, ka dai san abin da hakan ke nufi. Ni ke riƙe masa shirin sanarwa a rediyonmu na Maamobi yanzu: suna, aure, rasuwa. Jiya ya ce mini, "Yaron nan da na koya wa riƙe makirufo, ku ce ina son ganinsa." Rabonka da Nima tun ina makarantar sakandare. Ka zo.

Kowa na gaishe ka.

Nasira, 'yar Alhaji Jamaluddeen

*

Zuwa ga ƙanwata Nasira,

Wa alaikumus salam, tare da fatan alheri ga dukkan iyali. Labarin jikin Alhaji ya taɓa ni ƙwarai. Allah Ya ba shi sauƙi.

Sai dai an ɗora mini jagorancin shirye-shiryen zaɓe, ba halin in motsa sai an kammala. Amma ban zauna haka ba. A tasharmu, idan wani babban mutum ya kwanta ciwo, mukan haɗa tarihin rayuwarsa tun da wuri mu ajiye. Girmamawa ce, ba kowa ake yi wa ba. Na haɗa wa Alhaji nasa da muryata, ga shi na turo ta waya. Ko shugabannin ƙasa ban yi wa aiki mai kyan wannan ba.

Wassalam,
Osman Abdul-Rahim

*

Yaya Osman,

Salama. Muna nan yadda ka sani.

Saƙon wayar ya riga takardarka isowa. Na zaci gaisuwa ce, sai na kunna a ɗakin Baba, na ƙara sauti don ya ji da kyau. Sai ga muryarka: "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Kofin koko ya suɓuce daga hannun Mama Fatu. Yaya, a Nima ko likkafani ba a saya wa mai numfashi, kai ma ka sani, a nan aka haife ka.

Na kai hannu zan kashe, Baba ya ce in bari. Ya saurara har ƙarshe, da zuwansa Accra a bayan motar doya, da buɗe tashar rediyon, da komai. Da ya ƙare ya ce, "Murya na nan, bai ɓata ta ba. Amma ni mutum na aika a kira." Ya juya fuska bango. Ya hana ni gogewa.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba.

Nasira

*

Ƙanwata Nasira,

Bayan gaisuwa. Kunya ta hana ni kiran waya. Ki ba Alhaji da Mama haƙuri. Na yanki tikiti, washegarin bayyana sakamakon zaɓe zan taso da yardar Allah. Ki ce masa ya jira ni.

Osman

*

Yaya Osman,

Assalamu alaikum. Baba ya rasu ranar Alhamis da hantsi, an kai shi bayan la'asar.

Ya bar wasiyya cewa sanarwar da ka turo za a sa, don haka na sa. Jama'a suka ji muryarka a rediyo, suka ɗauka ka iso kana cikin situdiyo. Daga Kanda har Zongo Lane aka yi ta zuwa gida ana tambaya, "Ina Osman? Ashe ya samu ganin malaminsa, alhamdu lillahi." Na yi bayani har na gaji na daina.

A zaman makoki, dattawa sun bar maka wuri a tabarmar gaba, kusa da liman. Har aka shafa fatiha ba wanda ya zauna a wurin.

Allah Ya kawo ka lafiya.

Nasira