Kiran Sunan Auta

Assalamu alaikum Yaya Hauwa,

Ya jiki, ya maigidan da yara, ya zaman Fatakwal?

Mun kai ɗanmu Sadiku asibiti a Kano kan rashin maganarsa. Likita ta ce wata larurar ƙwaƙwalwa ce da ake kira otizim, kuma wani irinsa gado ne da ke ɓoye a jikin uwa da uba, suna lafiya lau, sai ya haɗu a jikin ɗa. Ni da matata Rabi kuwa kakanmu ɗaya. Inna ta ce, "Yau aka fara auren zumunci a Gude?"

Yanzu kullum da safe nakan tsaya bayan ƙaninsa Auta, mai rarrafe, in kira sunansa. Jiya ya waiwayo, yau bai waiwayo ba. Wataƙila ni ne ban ɗaga murya ba.

Ki sa mu a addu'a. A gaida Malam.

Ƙaninki,
Habu