Ba Zan Ciji Zani Ba

Dapaong

Goggo Gwamma,

Gaisuwa mai yawa. Ya jiki, ya mutanen Sokodé? Cikina ya shiga wata takwas, kin aiko in taho goyon ciki. Kafin in hau mota ina da tambaya: yaya zafin naƙuda yake? Duk wadda na tambaya sai ta yi dariya ta ce zan gani. Tsoro nake ji, Goggo.

'Yarki, Zalia

Sokodé

Zalia,

Muna lafiya, alhamdu lillahi. Ba a faɗa wa mai cikin fari, haka muka tarar. A gidanmu zani ake cizawa, ko maƙwabta ba sa jin tari. Maganinsa haƙuri. Ki taho, na sa an tara itacen wanka.

Goggonki

Dapaong

Goggo,

Ina gaisuwa da ladabi. Na tambayi ungozomar materniti, asibitin haihuwarmu, Madam Fulera, ta zaunar da ni ta faɗa mini komai. Ta ce akwai allurar rage zafi idan an samu, ana murza baya, ana zagayawa, kuka ma ba laifi ba ne. Ashe ana iya faɗin abin! A nan zan haihu. Kin raine ni, ba na raina ki, amma ba zan ciji zani don maƙwabta su yabe mu ba.

Zalia

Sokodé

Zalia,

Gaisuwa. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Idan kin haihu can, wadda ta yi miki allurar ta yi miki wankan jego. Ƙafata ba za ta taka ba.

Gwamma

Dapaong

Goggo,

Barka da arziki, mace ce. An yi mini allurar, ta rage, ba ta kashe ba. Na yi ihun da na tabbata an ji har can garin Bombouaka, kuma ban ji kunya ba. Wanka matar maƙwabcinmu ke yi mini, rashinki kuwa ya yi mini ciwo. Hanifa 'yarki ta kira ni, ita ma cikin fari. Ta tambaya, na faɗa mata duka. Duk wadda ta tambaye ni zan faɗa.

A huta lafiya, Zalia

Sokodé

Zalia,

Allah ya raya. Kin lalata mini Hanifa, ta ce sai Dapaong. Ba zan bar ta ta kama hanya ita kaɗai ba, muna tafe Asabar. Kada ki ɗauka na sauko. Ki dai tambayar mini Madam ɗin, ko allurar tana yi wa gwiwa.

Goggonki